Askin da Na Yi wa Bishiyar Hajja

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da ranar da reshen bishiya ya tona mini asiri a gaban matan unguwa ba.

Shekararmu ta biyu ke nan a Madina. Maigidana yana karatu a jami'a, muna haya a saman gidan wata dattijuwa a unguwar Harra ta Yamma, Hajja muke ce mata. Kakanninta da ƙafa suka zo daga Katsina, Hausarta rabi Larabci rabi, amma ta riƙe ni kamar 'yar cikinta. A tsakar gidanta akwai wata bishiya mai ƙamshi da siraran ganye, sunanta ar'ar. Mijinta marigayi ne ya kawo ta daga duwatsun Ɗa'ifa, ya dasa a inuwar katanga. Shekara tara, ko kafaɗata ba ta wuce ba.

Ni kuwa 'yar Kura ce, kuma ban bar kowa ya manta ba. Kullum sai na cika Hajja da labarin lambun babanmu (wanda, tsakanina da Allah, abinci kawai nake kaiwa). Don haka da za ta Jidda sayayyar bikin jikarta, ni ta damƙa wa amanar bishiyar. Umarni ɗaya ta ba ni, kada in zuba ruwa sai ƙasar ta bushe, don ar'ar ba ta son jiƙo.

Tana fita na ƙare wa bishiyar kallo, tausayi ya kama ni. A garinmu in zogale ya ƙi girma sare shi ake yi, kafin ka ankara ya tofo ya yi shar. Na ɗauko wuƙar nama na yi mata aski. Reshe ɗaya kacal na bari, shi ma don hannuna ya gaji ne.

Kwana uku babu tofo, sati guda babu tofo. Na tura maigidana wajen wani mai sayar da shuke-shuke a unguwar Sultana, ya dawo da mummunan labari. Wai ar'ar tsinin ganyenta kawai ake ragewa, in aka sare har itacen da babu ganye, wurin ba ya sake tofowa. Wannan fa ita ce abin tunawa da marigayi, kullum da safe har hira Hajja take yi mata.

Mai hankali gaskiya zai faɗa. Ni sai na kwaso rassan daga bayan tankin ruwa inda na zubar da su, na ɗauko koren zaren ɗinki na ɗaɗɗaure su a jikin bishiyar ɗaya bayan ɗaya (ganyen ar'ar ba ya saurin yaushi, kuma wallahi aikin ya yi kyau).

Ranar da Hajja ta dawo, mata suka cika tsakar gida ganin kayan amarya, gahawa da dabino suna zagayawa. Hajja ta nuna ni tana yabo, wai tunda aka dasa bishiyar ba ta taɓa yin fasali irin wannan ba. Ni kuma ina murmushi, har da cewa ai gado ne. Daidai nan wata baƙuwa ta rataya jakarta a reshe. Reshen ya biyo jakar suka faɗa cikin farantin dabino. Na biyu ya sulluɓo, zare yana reto.

Hajja ta ɗauki reshen, ta dubi zaren, ta dube ni.

"Ya binti, baban naki mai lambu ne ko tela?"

Gidan ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Ni kuwa kunya ta sa na fashe da kuka, na zayyane komai. Hajja ta je ta shafa reshen nan da na bari.

"Wannan da ransa, alhamdulillah. Khalas, ya wuce, habibti, share hawayenki. Marigayi ma sau biyu ya kusa kashe ta da ruwa."

Rassan ta shanya su, ranar biki aka yi turaren wuta da su. Duk wadda ta tambayi inda aka samo wannan ƙamshi, sai Hajja ta nuno ni, ta ce aikin mai ɗinkin bishiya ne. Na yi farin ciki ranar fiye da uwar amarya. Bishiyar tana nan har yau, ta karkata gefe guda tana girma a hankali.

Abin da na koya shi ne, in an ce ki zuba ruwa, ki zuba ruwa ki ajiye wuƙa. In kuma ɓarnar ta riga ta faru, ki sani zaren ɗinki ba ya ɗaukar jaka.