Rasuwar Ladidi ta Ofishin Awo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ya kasa haɗiyewa, Uwaisu Garba, ma'aikacin ofishin awo a wani kamfanin jimar fata da ke Challawa, yana sanar da rasuwar kwamfutarsa. Ma'aikata sun raɗa mata suna Ladidi domin ranar Lahadi aka sauke ta daga mota. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a watan Afrilun 1988, tana da shekara biyu da wata uku.

Marigayiyar ba ta taɓa makara ba. Da an kunna ta za ta ce "ƙit" sau ɗaya, ta yi ɗan gurnaninta, "ƙirr, ƙirr", ta kama aiki. Ta san nauyin kowane ƙunshin fata da ya shigo ta ƙofa, ba ta taɓa ƙara wa ɗan uwan wani ko kilo guda ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar da aka cusa mata katin sabon sikeli, wato ɗan allon lantarkin da zai haɗa ta da sikelin. Kowace na'ura da ke jikin kwamfuta tana da nata layin da take kiranta da shi, kamar yadda kowane ɗan gida yake da irin sallamarsa. Firinta tana kan layi na bakwai. Katin sikeli ma aka bar shi a kan na bakwai. Idan sikeli ya kira, direban firinta, wato ɗan shirin da ke yi mata tafinta, shi ne zai amsa. Idan suka kira tare, sai Ladidi ta sandare ba ta san wa za ta kula ba.

Uwaisu ya gano cutar cikin kwana biyu. Maganin bai wuce a buɗe murfi a matsar da wata 'yar roba da ke jikin katin, wadda ba ta kai ƙwayar wake ba, zuwa layi na biyar. Ya rubuta wa manaja takarda har sau uku. Manaja ya ce a bayan Ladidi akwai hatimin dillali, ba mai karya shi sai injiniya ya zo daga Ikko, kuma tun kafin a haifi Uwaisu ake jima a gidan nan. Wata bakwai ana jiran injiniya.

A cikin jiran ne Malam Ado mai sito ya karɓi jinya. Shi a ganinsa zafi ne, kuma abin da ke sanyaya randa zai sanyaya kowa. Ranar Talata, Uwaisu yana bakin sikeli, Malam Ado ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Buhun gishirin fata ne. Ta ce "ƙit, ƙit, ƙit", ta yi ɗan hayaƙi, ta cika.

Ta bar firinta ɗaya, da allon rubutu wanda harafinsa guda ya goge, da faifai arba'in da ɗaya. Ta kuma bar katin sikeli, lafiyarsa ƙalau, wanda manaja ya ba da umarnin a cusa wa magajiyarta yadda yake, kada yaron nan Uwaisu ya taɓa.

Za a kai ta sito bayan Azahar ranar Alhamis, a ajiye ta kusa da tsohuwar fanka. Malam Ado ne zai karɓi gaisuwa, ya fi kowa kuka, kuma da gaske yake. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da ruwa.

Wankan gawa dai an riga an yi. Tun da ba wanda ya ce hatimi yana hana wanka, Uwaisu ya karya shi, ya zare katin, ya matsar da 'yar robar zuwa layi na biyar da farcensa. Ya duba agogo, aikin bai kai minti ɗaya ba. Mai son ba shi takardar tuhuma zai same shi a ofishin awo daga ƙarfe takwas, yana rubuta nauyin fata da biro.