Rasuwar Goggo, Motar Albasa ta Malam Gado

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har wuya, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Malam Gado direba na garin Jega yana sanar da 'yan uwa, abokan sana'a, 'yan kamashon tasha da manoman albasa na Aliero da kewaye rasuwar motarsa, roka mai bodin katako wadda kowa ya sani da suna Goggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, a gefen titi, gaba kaɗan da Maiyama, da kaya a bayanta. Ba wanda ya san ainihin shekarunta, domin da tsufanta ta zo hannunsa. Amma shekara ashirin da shida suka yi tare.

Marigayiyar ba ta da gudu, kuma ba ta taɓa riya cewa tana da shi ba. Tafiyar da tirela ke yi kwana biyu zuwa Legas, ita huɗu take yi, wani lokacin biyar. Sai dai tana shiga inda ba mai shiga. Ta san yashin Sarandosa, ta san kwazazzaban Giwa Tazo, tana zuwa har bakin gona ta tsaya a yi mata lodi. Maƙwabta ba za su manta da tarinta na safe ba, ƙur-ƙur-ƙur har sau uku kafin ta kama, wanda da shi matan unguwa ke sanin lokacin ɗora koko ya yi.

Ciwonta ba a inji ya fara ba. Ya fara ne shekarar da manyan kamfanonin sufuri suka buɗe ofisoshi a yankin, da sababbin tireloli a jere, kowace da lambarta, mai kaya yana zaune a rumfarsa yana kallon inda kayansa suka kai a waya. Manyan dillalai suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshensu shi ne Alhaji Nuraddeen, wanda shekara goma sha biyar ba ya ba kowa albasarsa sai Goggo. Shi ya taka har tasha da kansa, ya dafa kafaɗar Gado ya ce, "Wallahi ba ƙinka nika yi ba. Mutanen can Legas sun ce in kaya ya wuce kwana biyu kar in aiko." Gado ya ce ba komai. Me zai ce?

Abin da ya rage mata shi ne kayan ƙananan manoma, buhu goma nan, ashirin can, sai an yi mako ana harhaɗawa kafin bodi ya cika. Zama ya yi mata yawa, mota kuwa zama na cinye ta. Ta fara hayaƙi, ta fara shan baƙin mai, lagireto ya fara yoyo. Habibullahi bakanike, wanda ya fi kowa sanin cikinta, ya zaga kasuwanni neman kayanta, aka ce an daina kawo irinsu. Ya ce wa Gado, "Wagga mota ta gaji. Kar ka ƙara kai ta nesa."

Gado ya ji, kuma ya yarda. Amma bazarar nan manoman Giwa Tazo suka yo masa ayari har gida. Albasarsu ta fara tsiro a rudun da ake ajiye ta, kamfani kuwa ya ce hanyarsu ba ta biyuwa, kayansu kuma bai kai cikin tirela ba. A cikinsu akwai Rakiya, dattijuwar da mijinta ya rasu ya bar mata gona, da buhunta goma sha takwas, noman shekara guda. Gado ya kasa cewa a'a.

Sun wuce Maiyama lafiya. Sai Goggo ta yi wani ƙara da Gado bai taɓa jin irinsa ba, ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar ana dukan turmin ƙarfe, sannan ta yi shiru. Ya lallaɓa ta zuwa gefe. Habibullahi ya zo a kan babur, ya leƙa, ya goge hannunsa, bai ko ciro sifana ba.

Kwana uku Gado yana zaune ƙarƙashinta yana kiran waya, yana neman motar da za ta kwashe kayan. Kamfani na farko ya ce motocinsa duk suna kan hanya. Na biyu ya ce ba ya ɗaukar kayan da bai ga lodinsu ba. Tireloli suna wucewa, wasu ma ba kaya, direbobin suna ɗaga masa hannu, don ba su da izinin tsayawa. Rana tana dukan tamfol. A rana ta biyu wari ya fara tashi.

A ta uku Rakiya ta zo. Ta sa aka sauko da buhu ɗaya, ta ciro albasa ta danna da yatsa, yatsan ya nutse. Gado ya sunkuyar da kai yana jiran abin da za ta ce. Ta daɗe tana kallon motar, sannan ta juyo ta ce, "Sannu, Malam Gado. Ka ko ci abinci?" Daga baya ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Marigayiyar ta rasu ta bar Malam Gado, wanda ya kai takardunsa kamfani biyu neman aikin tuƙi aka ce shekarunsa sun wuce. Ta bar maiɗakinsa Hamsatu da 'ya'ya bakwai da aka raina da guminta. Ta kuma bar ƙauyuka da dama da har yanzu ba su san wa zai shiga musu baɗi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan sallar la'asar, a inda ta cika, domin ba a samu abin da zai jawo ta gida ba. 'Yan gwangwan na Jega, masu sayen tsohon ƙarfe, za su zo da wutar yankan ƙarfe da sikelinsu. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidan Malam Gado har kwana uku. Iyalan suna roƙon masu zuwa su yi addu'a kawai, kada a tambaye shi me zai yi yanzu. Shi kuma ya roƙi masu yankan alfarma guda: su dakata har sai babur ɗin da zai mai da shi Jega ya sha kwana, kafin su kunna wutar.