Ɗan Aike Marar Sallama

"...alaikum, tsohuwa, kina numfashi kuwa?"

Kafin 'Yardada ta buɗe baki ta amsa, tuni jikanta Muttaka ya ratso zaure ya baje a kan tabarmarta, kwamfuta a cinya. Haka yake tun yana rarrafe, shi sallama a guje yake yin ta. Ita kuwa gyangyaɗi take bayan azahar a inuwar darbejiya, tattabaru na kuka a kan soro, Dutsen Dala na leƙowa ta saman katanga. Tsakanin barci da ido biyu ta ji kamar muryar mijinta marigayi Malam a ƙofa, sai ga wannan mai kan tulun ya watsa mata mafarki.

"Wa ya amsa maka? Miji ne kai ko guguwa?"

"Gidan matata ne, ina ruwana da jira?"

"Matarka? Ango ba ko goro? Ni na sake ka tun bara, kai ne ba ka da zuciya."

"Wa zai kwashe ki? Haƙori uku gare ki, biyu ma ba sa ga maciji da juna."

"Su ukun sun fi gemun nan naka albarka."

Ta yi dariya, amma idonta na kan fuskarsa. Kwana uku ke nan yaron ba ya cin abinci sosai, kuma ta san dalili. Ogansu Kabiru ya ce in ya haɗa wani inji ya yi aiki kafin ƙarfe huɗu na yau, zai ci gaba da aiki daga nan Kano. In bai yi ba, ranar Litinin sai Legas, wajen sauran ma'aikata. Ita har ta ƙulla masa kuka da daddawa da yaji ta ɓoye a bayan randa, tana ƙullawa tana share ido. Ba ta son ya tafi, wallahi ba ta so. Amma a kashe ta ba za ta faɗa masa ba.

"Har yanzu aljanin naka bai yi magana ba? Madalla. Ka tafi Ikko, Legas ɗin taku, in huta, in auri mai mota."

"Ba aljani ba ne, ɗan aike ne. Duk wanda ya rubuta sabon aiki a cikinmu, ko yana Legas ko yana nan, ɗan aiken zai karɓa, ya gina kwantena sabuwa fil, ya gwada aikin a ciki. In lafiya, ya kunna kore. In da matsala, ja."

"Kwantena irin ta 'yan kasuwar Kwari? A cikin wannan faifan?"

"Ɗaki ne na iska, Kaka. Ya gina, ya yi gwaji, ya rushe. Gobe ya sake wani."

'Yardada ta lumshe ido. Sai ta ga ɗakuna farare suna tsirowa a saman Dala, ba tubali ba azara, kowanne a share tas, iska ta busa su watse, wasu su fito.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. Sai kuma ta farga. "Almubazzari! Kakanka gida ɗaya ya gina, shekara hamsin yana tsaye. Kai kullum rushe-rushe. To me ya hana shi koren?"

"Akwai kwantena ta biyu, ta rumbun bayanai. Can ake ajiye sunaye da lambobi. Ɗan aiken na zuwa ɗiba, sai ya dawo ya ce ƙofa a rufe. A kwamfutata kuwa lafiya lau yake shiga. Na duba suna, na duba mabuɗin sirri, komai daidai. Shekaranjiya sau ɗaya ya yi kore, na yi rawa, na sake gwadawa ya koma ja."

"Na ga rawar. Kaji ma sun tsorata."

"Ke da ba ki san bokon ko alif ba, sai baki."

"Ni na yi wa ubanka tsarki, kai ma na yi maka. Wane boko ya fi wannan? Tsaya. Shi rumbun, a kwamfutarka, a farke yake kwana?"

"Kullum a kunne yake."

"A can wajen ɗan aiken fa?"

"Tare ake tashinsu. Shi dai yana da nauyi, sai ya ɗan..."

Bai ƙarasa ba. Bakinsa ya tsaya a buɗe, har ƙuda ya yi shawagi ya fasa.

"Sai ya ɗan me? Faɗi mana, malamin boko! An tashi dattijo daga barci, bai ko laluba takalminsa ba, ɗan aikenka ya bangaji ƙofa, ya juya ya ce ba kowa. Ai ba laifinsa ba ne. Halin uban gidansa ya ɗauko."

"Kaka..."

"Kakanka, Allah ya jiƙansa, gidansa ne, shi ya gina, amma bai taɓa wuce zauren nan ba sai ya yi sallama an amsa. In ya ji shiru ya dakata, ya sake. Wani lokacin ina ji sarai nake yin shiru."

"Don mugunta?"

"Don muryar tana min daɗi, sakarai."

Yatsun Muttaka sun riga sun hau aiki. Ya ce zai sa ɗan aiken ya tsaya a ƙofa ya tambayi rumbu ko ya shirya, kada ya taka ciki sai an amsa, in shiru ya jira daƙiƙa goma ya sake.

"Sau nawa?" ta tambaya.

"Goma."

"Goma? Maroƙi ne? Sallama uku ce."

"Tsofaffi ba sa ji da wuri. Ke ma sai an yi biyar."

"Uku na ce!"

"To, uku. In ya faɗi, ke za ki bi ni Legas ki riƙa yi min tuwo."

Ya danna. Wani ɗan zobe ruwan ɗorawa ya fara juyawa a fuskar kwamfutar. Gidan ya yi tsit, sai kukan tattabaru da ƙarar adaidaita can a bakin titi. 'Yardada ta kau da kai kamar ba ruwanta, amma carbin hannunta gudu yake. Zoben ya juya, ya juya. Daga masallacin unguwa ladan ya fara gyaran murya.

"Ya amsa! A ta biyu ya amsa!" Muttaka ya daka tsalle. "Kore, Kaka! Kore!"

"Sake. Shekaranjiya ma ka yi rawa."

Ya sake har sau uku, duk kore. Ya tura wa Kabiru, ba a jima ba amsa ta dawo: ya zauna a Kano.

"To, mai mota ya yi asara," in ji shi. "Na yarda, tsohuwa, kin fi ni. Zan sa sunanki a aikin."

"Riƙe sunanka. Ni dai na shiga uku, an bar min kai." Ta kwance bakin zanenta ta jefa masa wani tsohon mabuɗi. "Ɗakin Malam na bene. Ya fi iska, kana ganin Dala ta taga. Ka kai tarkacenka can ka bar min tabarmata. Kuma akwai ƙulli a bayan randa, ka mayar min da shi madafa, kada ka tambaye ni."

Ya dubi mabuɗin, ya dube ta. Shekara tara ba wanda ta bari ya buɗe ɗakin nan. Ya sa takalmi ya fita har waje. Can sai ta ji shi daga zaure, a nutse.

"Salamu alaikum."

Ashe muryar iri ɗaya ce da ta Malam. Ta yi shiru, ta rufe ido.

"Salamu alaikum."

Ta ƙara yin shiru.

"Tsohuwa, saura ɗaya fa, in kunna miki ja!"

Ta fashe da dariya tana goge ido da gefen mayafi.

"Wa alaikumus salam. Shigo, maigida."