Kan Zomo a Shagon Ɗinki

"…lafiya lau, sai zafi. Kai kuma me ka ƙunso a buhu haka? Wani ka yanka?"

Tela ce ke tambaya, ƙafarta na kan keken ɗinki. Wanda ya shigo ɗan goggonta ne, abokin wasanta, wanda tun suna yara take kira Kunnuwa. Ya zazzage buhun a kan tebur. Wani ƙaton kan zomo na soso ya gangaro, fari fat, idanu kamar faranti, bakin ya yage har kunci.

"Kan ogana ne. Ki ɗinke masa baki kafin la'asar."

"Au, aikin da ake ta cewa ka samu ke nan? Ikon Allah! Suna ganin kunnuwanka suka ce ba sai an yi gwaji ba."

"Baƙin ciki zai kashe ki. Ni ne fuskar kamfanin biskit guda. In na tsaya ƙofar kanti, yara har layi suke yi."

"Fuskar taka dai aka ga gara a rufe."

"Ji mai magana! Ke da kika ɗinka wa mijinki wando, ƙafa ɗaya na gaida ƙasa, ɗaya na gaida gwiwa."

Tela ta buɗe baki za ta rama, sai keken ya tsaya. Auta, 'yarta mai shekara biyar, ta fito daga ƙarƙashin tebur, inda ta bar farantin shinkafa da ƙwai ya huce. Ta tsaya ƙiƙam gaban kan zomon, hannuwa a manne da cinya. Da ta yi magana, muryar ba hawa ba sauka, kamar mai karatu a cikin barci.

"Zomo yana gani. Zomo ya san wanda ya ci."

Kunnuwa ya tafa. "Kin ji ko! Tallarmu ce. 'Yarki ma ta fi ki ƙwaƙwalwa."

"Dariya kake? Dubi wuyanta. Tun makon jiya in ba biskit ɗin nan ba, ba abin da ke wuce maƙogwaronta. Na lallasa, na yi faɗa, har kuka na yi. In na kashe talabijin, zomon yana cikin waya. In na ɓoye waya, ga shi can."

Ta nuna taga. A tsallaken titi akwai ƙaton allon talla, zomon ne dai, idanunsa saitin shagon. A jikin gilashin tagar kuwa yara uku na maƙwabta sun manna goshi. Ba mai ture wani, ba mai dariya. Leɓunansu kawai ke motsi, tare.

"Ga jama'arka sun biyo ka," in ji Tela, amma muryarta ta yi ƙasa.

"Ta bayan layi fa na biyo. Kuma a buhu yake."

"To warinka suka bi."

"Matsa ki ga aikin manya. Abin da ya gagare ki mako guda, yanzu zan gama shi."

Ya ɗauki kan ya kifa a nasa, ya durƙusa, ya siranta murya. "Auta, ƙawata! Ni ne Zomo. Maza ci shinkafar Mama."

Yarinyar ta leƙa cikin yagaggen bakin. "Kawu ne. Shi ba ya magana in kana ciki."

"To yaushe yake magana?"

"In an ajiye shi."

Yaran da ke taga suka gyaɗa kai, su ukun a lokaci guda.

Kunnuwa ya tuɓe kan da sauri har ya bugi fanka.

"Lafiya, jarumi? Wannan gumi fa?"

"Soso ne, zafi gare shi." Ya juya ga yarinyar. "Me yake ce miki?"

"Wai in na ci wani abu daban, ya fasa ƙawance da ni."

Kunnuwa ya dubi kan zomon. Kusan haka shi kansa yake faɗa wa yara a ƙofar kanti tun safe har yamma, yana rawa, iyayensu na dariya.

Ya cusa kan cikin buhu, ya murɗe bakin, ya zauna a kai. Auta ba ta motsa ba, idonta na kan allon tsallake. Sai ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa Tela. "Rataya a tagar."

"Innalillahi! Rufe haƙarƙarin nan, kar yara su ɗauka tsani ne."

"Rataya dai, mai wando ƙafa ɗaya."

Ta rataya. Shagon ya ɗan yi duhu. Inuwar kawunan nan uku ta jima a jikin rigar, sannan ta janye.

Auta ta jawo farantin. Ta kai cokali ɗaya baki, ta saurara. Ta ƙara wani. Tela ta kau da kai, wai zare take nema, tana goge ido da gefen mayafi.

"Kawu," yarinyar ta yi raɗa, "kar ka tashi."

"Ina nan, uwata. Ci a hankali."

Can aka ji kiran la'asar, shinkafar ko rabi ba ta yi ba.

"Kanti fa?" in ji Tela. "Za su kore ka."

"Su kora. Sai in dawo nan kina ciyar da ni."

"Allah ya kiyaye! Gara zomon."

"To, na sallama, yau kin ci ni. Rigar ma na bar miki, ki yi labule."

"Da warin hammatar?"

"Shi ne gyara."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ita ma ta taya shi. Amma har Auta ta suɗe farantin, hannuwansa biyu na damƙe da bakin buhun.