Tsakanin Cikewa da Cirewa

Jama'a, yau da kumburarren kunci zan fara, amma ba nawa ba ne, na Kawu ne. Da sassafe ya buga mini ƙofa, ya ɗaure haɓa da ƙyalle, kuncinsa na dama kamar ya ɓoye ƙwai a ciki. Kawun nan nawa tsohon mai gyaran keke ne, bai taɓa aikin albashi ba, balle a yi zancen inshorar lafiya. Haƙoran tauna biyu kacal suka rage masa masu haɗuwa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da su yake cin duk abin da Allah ya hore. Na ƙasan ne ya yi rami. In ya tafi, na saman ya zama gwauro, Kawu kuma ya koma abincin jarirai.

Mun taɓa gwada asibitin kuɗi. Da suka faɗi farashin cike ramin, nan take ciwon ya lafa don tsoro, bai dawo ba sai da muka isa gida.

To sai ga Mai Girma Gatan Marasa Gata, Allah ya ƙara wa motarsa tsawo, ya gina wa talakawa asibitin haƙori kyauta, yau kuma ake buɗewa. Na goya Kawu a babur muka nufi can. A bakin ƙofa ga allo sabo fil, an rubuta da jan fenti: ASIBITIN HAƘURIN TALAKAWA. Maƙwabcina mai fenti ne ya yi aikin, na kuwa same shi a gindin tsani yana wanke burushi.

Na ce, "Maƙwabci, ka tafka kuskure. Haƙori ake nufi, ba haƙuri ba."

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Shiga ka fito tukuna, sai ka zo ka gyara mini."

A ciki mutane ne maƙil a kan benci, kowa ya tallabe kunci. Ban taɓa ganin layin talakawa mai ladabi irin wannan ba. A layin mai ana zagin manya har da kakanninsu, nan kuwa buɗe baki ma aiki ne. Ina fata dai manyan ba za su gano wannan sirrin ba.

Da layi ya zo kanmu, likitar, wata matashiya mai kirki da gani ta gaji, ta haska bakin Kawu da fitilar wayarta. Ta ce, "Baba, haƙorin nan da sauransa. Cikewa kawai yake so."

Kawu ya ce, "To cike shi, 'yata, Allah ya yi miki albarka."

Sai ta nuna mana wani ƙaton kwali a lungu, an ɗaure shi da kirtani mai ado. "Injin cikewar ke nan. An hana mu buɗe shi sai Mai Girma ya ƙaddamar da kashi na biyu na aikin asibitin."

Na ce, "Yaushe ke nan?"

"An kafa kwamiti," in ji ta, tana kallon ƙasa. "Abin da ke hannuna yau cirewa ne. Kuma kumburin nan ba ya jira, yana iya kaiwa ga ƙashi."

Muna cikin haka sai ga wani mai tumbi da kati rataye a wuya, wai shi ne Shugaban Kwamitin Murmushin Al'umma. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, tsakanin cikewa da cirewa ai harafi ɗaya ne. A taimaka wa tsohon nan da harafin."

Ya dube ni da tausayi. "Malam, haƙorin da aka cike, wa ke ganinsa? Yana can cikin baki a duhu. Wanda aka cire kuwa ga shi a kwalba, duniya ta shaida an yi aiki."

Na ce a raina lallai wannan hikima ta fi ƙarfin kaina, shi ya sa su ke gaba mu ke baya.

Na roƙi Kawu mu koma gida in sake buga-buga. Ya girgiza kai. Mutumin da ya kwana biyu ba barci ba ya jin lallashi. Ya kwanta a kujera ya ce, "Cire, 'yata, na gaji." Wallahi raina ya ɓaci, na fita waje don kada in gani.

Can da azahar jiniya ta cika unguwa. Mai Girma ya iso, ya ɗaga kwalbar haƙora sama, aka yi ta tafi ana ɗaukar hoto. Don a nuna ba a manta da talaka ba, aka bi duk wanda aka cire wa haƙori da ƙunshin soyayyen nama.

Kawu ya karɓi nasa da hannu biyu, bakinsa cike da auduga. Ya buɗe, ya sansana, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙo mini, ya ce da ƙyar, "Ci, ɗana, ka ba ni labari."

Na ci. Kuma tsakani da Allah, duk mai cewa Mai Girma bai iya zaɓen nama ba, sharri yake masa.