Yadda Za Ki Guje Wa Ambaliya da Tantabaru Goma Sha Huɗu da Mai Su

'Yar'uwa, idan gidanku a gangare yake, gulbi ya fara leƙo ku, mijinki kuma yana kiwon tantabaru, to wannan takarda taki ce. Ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi miki alkawari za ki kwana a kan tudu da 'ya'yanki cif, da tsuntsaye kusan cif, da miji guda ɗaya mai fushi amma busasshe.

An gwada hanyar, ta yi aiki. Wasila ce ta gwada, matar Muntari mahauci, can gangaren Ƙofar Kware, ranar da aka wayi gari lasifikar masallaci tana cewa Gulbin Rima ya cika ya tumbatsa, ga babban hadari yana tafe daga gabas, duk wanda ke kusa da fadama ya tashi kafin la'asar. Wasila tana da ɗiya 'yar shekara biyar, Humaira, da jariri Jafar a baya. Muntari yana da tantabaru goma sha huɗu. Ki lura da yadda na raba dukiyar, haka take a rabe a gidan.

Mataki na 1: Kada ki ce "ai suna da fiffike"

Wannan magana ta cinye wa mata da yawa awa biyu. Da kin furta ta, maigida zai ajiye buhun da ya ɗauka, ya gyara tsayuwa, ya fara ba ki tarihin kowace tantabara tun daga kakarta. Ruwa kuwa ba ya tsayawa sauraren tarihi.

Wasila ta yi kuskuren don ke ki huta. Tana ɗaure katifa ta ce, "Baban Humaira, a bar su mana, ai suna da hiffike."

Muntari, mutumin da yake kayar da bijimi kafin ya karya kumallo, ya dube ta idonsa ya kawo ruwa, ya nuna tukunyar wata tantabara a jikin katanga.

"Toka kwanci taka yi, Wasila. Ƙwai biyu, kwana shidda ya rage ta ƙyanƙyashe. Ƙwai na da hiffike? In ba a tahi da su ba, ku tahi. Ni nan za a iske ni."

A nan ta gane aikin da ke gabanta. Miji za ta kwashe, tsuntsayen nan igiyar jansa ce kawai. Ta haɗiye sauran maganar ta ce, "Gaskiya taka. Ɗauko kwando."

Mataki na 2: Tattara na mutane yayin da yake kan tsani

Maigida zai yi minti ashirin yana lallashin tsuntsaye da fito. Wannan lokacin naki ne. Katin rigakafin jariri, takardun haihuwa, maganin zazzaɓi, zanen goyo biyu, garin kunu, duk a leda mai kauri, ki ƙulle bakinta sau biyu. Ki sa wa babbar takalmi tun yanzu, kada ki yarda da alkawarin cewa za ta sa da kanta.

Gidan sauro biyu za ki ɗauka. Ɗaya na yara. Na biyun za ki ji labarinsa a ƙasa.

Mataki na 3: Ba a bin tantabara da gudu

Maza ba su san wannan ba, ko sun sani sun ƙi yarda. Muntari ya kewaya tsakar gida sau huɗu da hannuwa a buɗe, ya ture turmi, ya taka murfin tukunyar miya, ya kama iska.

Ke ki watsa gero a wuri ɗaya, ki ja da baya, ki yi kamar wanke-wanke kike yi. In sun taru sun duƙufa, ki jefa musu gidan sauro. Haka Wasila ta kama goma sha biyu da goyo a bayanta, Jafar bai ko farka ba. Na sha uku shi ne Alhaji, mijin Toka, wani fari tas mai turo ƙirji gaba, wanda yake tafiya kamar shi ya gina unguwar. Shi da ƙafarsa ya shiga kwando, don kada a ce an kama shi.

Hattara: kada ki ba 'yar shekara biyar aikin ƙidaya. Humaira takan je goma sha ɗaya ta tsallaka ashirin, mahaifinta kuma sai ya koma kan tsani neman sauran.

Mataki na 4: Haddace dokar maigida

Kowane mai tantabaru yana da doka guda da ya fi kiyayewa a kan dokar hanya. Ta Muntari ita ce wannan, kuma ya maimaita ta yana sauko da tukunyar Toka daga jikin katanga, a hankali kamar mai ɗauke da nono a faifai:

"Ba a sa hannu cikin tukunyar mai kwanci. In ta ji warin hannun mutum, ta bar ƙwan ke nan. Ko ni ban taɓa ba."

Ko gaskiya ce, ko wani ne ya faɗa masa a bakin kasuwa, ba aikinki ba ne ki bincika. Ki ce to. Ki ajiye dokar a inda kike ajiye allura, ranar ɗinki na zuwa.

Ya rufe bakin tukunyar da tsohon ɗankwali, ya ɗora wa Wasila a cinya cikin keke napep. Ta juyo da Jafar gaba, ta maƙale Humaira a gefe. Shi kuma ya ɗaure kwando a bayan mashin. Lokacin da ya ja ƙofar gida, ruwa mai launin kunun kanwa ya riga ya rufe masa idon sawu.

Mataki na 5: Faɗa wa mai keke abin da zai sa ya bi a hankali

Kada ki ce tsuntsu ne, dariya zai yi ya ƙara mai. Sirajo mai keke ya dubi tukunyar ta madubi ya ce, "Hajiya, mi ag ga tukunyar nan kika rungume haka?"

"Mai juna biyu ta. Bi a sannu."

Bai sake tambaya ba. Ya riƙa kauce wa ramuka tun daga Ƙofar Kware har Gidan Dare, unguwar mahaifiyar Muntari da ke kan tudu, yana karanto addu'a ƙasa-ƙasa. Muntari yana biye a baya, duk ramin da keken ya taɓa sai ya danna oda, kamar shi ne a cikin tukunyar.

Mataki na 6: Ki kula da idon suruka

Kin kuɓuta daga gulbi, saura kicin. Inna Ashatu, mahaifiyar Muntari, mace ce mai kirki da son jikoki, sai dai a wurinta tsuntsu kashi biyu ne, wanda ya isa yanka da wanda bai isa ba. Ta karɓi Jafar, ta shafa kan Humaira, ta yi musu barka da tsira. Sannan ta dubi kwando.

"Madalla, kun zo da cehwane."

"Inna, ba na ci ba na," in ji Muntari, yana durƙushe yana gaisuwa, makullin mashin a kan tabarma kusa da gwiwarsa.

"Mai shayarwa na buƙatar romo. Bari dai in ji nauyin wanga hwarin."

Ta ɗan ɗaga gidan sauron da aka rufe bakin kwandon da shi. Alhaji, wanda bai saba a auna shi da hannu ba, ya bi ta ƙarƙashin hammatarta ya yi sama. Ya kewaya gidan sau biyu, ya saita ƙirji wajen Ƙofar Kware, ya tafi.

Ga ilimin da masu kiwo ba sa faɗa wa matansu: tantabara, ko ina aka kai ta, gida take komawa. Mai ita kuma bayanta yake bi.

Mataki na 7: Kowa zai ɗaga kai sama. Ke kada ki ɗaga

Wannan shi ne matakin da takardar nan duka ta dogara a kansa, kuma daƙiƙa biyar kike da ita.

Inna tana kallon sama, Humaira tana nuni da yatsa, Muntari ya miƙe bakinsa a buɗe. Wasila ta dubi gabas, ta ga hadari ya yi baƙi ƙirin har ƙasa. Ta tuna ruwan da ya rufe masa idon sawu tun da hantsi, da katangarsu ta ƙasa wadda damina biyu take jira a gyara ta. Ta san mijinta. Zai hau tsani ya jingina da wannan katangar yana fito.

Ta ɗauke makullin daga tabarma, ta naɗe hannu da ɗankwalin bakin tukunya, ta tura shi ƙarƙashin Toka. Toka ta sare ta sau ɗaya, ta gyara zama, ta kwanta a kai.

Muntari ya laluba aljihu. Ya ɗaga tabarma. Ya leƙa takalminsa. Ya fita titi neman ɗan kabu-kabu mai mashin ɗin haya, duk wanda ya ji sunan gangare sai ya girgiza kai ya wuce. Ya dawo yana huci, iska ta fara kaɗa kwanon rufi.

"Wasila, ina makullina?"

Ki yi shiru a nan. Ki kama gyaran zanen goyo. Sai dai ki sani, a gidan da akwai 'yar shekara biyar babu sirri.

"Baba," in ji Humaira, "Toka ta yi ƙwai na ukku. Na ƙarhe."

Ya dubi ɗiyarsa, ya dubi matarsa. Ya je ya durƙusa gaban tukunyar, ya kai hannu har bakinta, hannun ya tsaya a nan. Toka ta zuba masa jan ido.

"Kin sa mata hannu."

"Da ɗankwali na sa. Ta yahe sau guda. In kana son gwada na biyu, bismilla. Doka taka ce, ba tawa ba."

"Alhaji na can shi kaɗai, Wasila."

"Alhaji na da hiffike, Baban Humaira. Kai mi kake da shi?"

"Ɗazu ma haka kinka ce."

"Ɗazu ƙwai na can. Yanzu ƙwai na nan, ɗiyanka na nan. In katanga ta hwaɗi, shi tashi za shi yi. Kai kuma sai a zo a hwaɗa min."

Muryarta ta ɗan karye a ƙarshen, abin da bai cikin shiri. Inna Ashatu ta matso. Ta miƙo Jafar ta ɗora wa ɗanta a hannun da ya rage a sama. Mutum ba ya zura hannu a tukunya da jariri a kai. Sai ruwa ya kece.

Mataki na 8: Kada ki ce "ai na faɗa maka"

Za ki so ki faɗa. Harshenki zai yi ƙaiƙayi. Ki daure.

Kafin magariba maƙwabcinsu Gazali ya bugo waya daga makarantar da aka tsugunar da mutanen unguwa. Ya ce ruwa ya kai ƙirji a lungunsu, katangar tantabaru ta zube da tukwanenta duka, tun bayan la'asar kaɗan. Muntari ya ce, "Allah ya tsare gaba," ya ajiye wayar. Ya daɗe yana kallon tafin ƙafar Jafar.

Wasila ta zuba masa tuwo, ta ƙara masa miya. Ba ta ce uffan ba. Shi ma bai ce ba, amma ya tura mata naman da ke cikin kwanonsa, wanda a wurin mahauci doguwar wasiƙa ce.

Bayan kwana uku ruwa ya janye. Muntari ya je duba gida a keken Sirajo, don mashin yana nan jingine. Ya iske Alhaji a kan kwanon ɗaki, a bushe, ya ƙara ƙiba da geron maƙwabta da ya zube, yana turo ƙirji kamar shi ya kori gulbin.

Makulli kuwa kwana shida ya yi a ƙarƙashin Toka. Kwana shida Muntari yana hawa bayan 'yan kabu-kabu zuwa kasuwa, abokan sana'arsa suna tambayarsa ko mashin ɗin ya ƙyanƙyashe. Ranar da 'ya'yan suka fito, biyu, tsirara, munana, ya ciro makullinsa da tsinken tsintsiya, ya wanke shi sau uku. Humaira ta raɗa wa babban suna Makulli. Mahaifinta ya ce ba suna ba ne wannan. Har yau da shi yake kiransa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin miji mai makulli biyu, ko suruka mai saurin wuƙa, ko saran tantabara a bayan hannu. Idan agwagi mijinki yake kiwo, kin ɓata lokacinki, su iyo suke yi, ki nemi wata dabara. Idan kin bi matakan nan aka yi miki kwana uku ba a amsa gaisuwarki da kyau, ki tuna na ce busasshe, ban ce mai fara'a ba. Idan lasifika ta ce a tashi, ki tashi tun ba ki gama karatun nan ba.

Wasila ma ta ce a rubuta cewa ita ba ta hana kowa zuwa ko ina ba. Toka ce ta kwanta a kai.