Yadda Za Ka Sauya Gangar Surukinka Bai Sani Ba

Hanyar nan ba ta ba da kunya. An gwada ta a Kafanchan watan jiya, a situdiyon Wilfred, kan faifan zumuntar matan wata ikilisiya. Mai gangar, Baba Martins, ya saurari kiɗan da ba nasa ba, ya yaba wa hannunsa. Wilfred na neman auren 'yarsa Hulda, kuma har yau ba a kore shi daga gidan ba.

1. Yaba kafin ka goge

Fatar gangar ta saki, ƙararta kamar ana dukan katifa. Ka ce, "Baba, hannun nan baiwa ce." Raka shi bakin titi, ka tare masa acaɓa. Sai ka dawo ka nemo ganga mai lafiya a kwamfuta.

2. Kada ka yi aikin daidai

Nan Wilfred ya fara zamewa. Ya jera sabon kiɗan a kan layukan kwamfuta, kowane bugu a lokacinsa. Ya manta Baba kullum yana ɗan makara a bugu, kuma matan sun yi shekaru suna jiransa. Ganga ta yi gaba, muryoyi na binta a guje. Shugabar zumunta, Mama Tagwai, ta gwada takawa, ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

"Wilfred, wannan ganga yana sauri zuwa ina? Ya sha wani abu ne?"

3. Bi makararsa

Ƙara girman zanen sautin a allo. Inda bugun Baba ya fara tashi, nan za ka ɗora bakin sabon, ba gaba ba, ba baya ba, bugu bayan bugu. Inda ya tsaya yin tari, kai ma tsaya. Kuskuren dattijo, in aka kwafe shi da kyau, sunansa salo.

4. Kashe tsohon sautin ƙurmus

In ka bar shi a ƙarƙashi, za a ji bugu biyu. Baba zai tambaya wa ya buga tare da shi.

5. Sunkuyar da kai

"Ɗana, ka ji ko?" in ji Baba bayan ya saurari faifan. "Wai in canja fata. Wane fata?"

Sanarwa: Wannan shafi ba ya ɗaukar alhakin abin da zai biyo baya. Baba ya fasa gyaran gangar. Ranar Lahadi za a ƙaddamar da faifan, a sa shi a lasifika, sannan ya maimaita kiɗan da hannunsa a gaban jama'a. Ya ce Wilfred ne zai riƙe masa makirufo.